Babi na Huɗu: Wa Zai Hukunta Mai Ƙarfi?

Duk sanda aka ji labarin wata babbar ƙasa ta afka wa ƙarama, tambaya ɗaya ce ke fitowa daga bakin jama'a, a teburin mai shayi ko a shirin rediyon da ake buga waya: to ina Majalisar Ɗinkin Duniya take? Ba don irin wannan rana aka kafa ta ba? Masu tambayar suna da gaskiya. Mai neman amsa kuwa sai ya fara duba abin da ya faru a birnin New York ranar 25 ga Fabrairun 2022, kwana ɗaya bayan tankokin Rasha sun tsallaka iyakar Yukren.

Kwamitin Sulhu ya zauna a ranar kan ƙudurin yin Allah wadai da mamayar. Ƙasashe 11 cikin 15 suka goyi baya, har da Ghana da Kenya da Gabon da ke riƙe da kujerun Afirka a lokacin. Sin da Indiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka ƙaurace. Hannu ɗaya ne ya tashi da adawa, hannun jakadan Rasha, wanda shi ne ma ke shugabantar zaman, don watan ya faɗo kan ƙasarsa a tsarin karɓa-karɓa. Rasha na cikin ƙasashe biyar masu ikon hawa kujerar na-ƙi, saboda haka a nan ƙudurin ya mutu.

Shekara 19 kafin nan, a Maris ɗin 2003, Amurka da Birtaniya sun ga ba za su samu amincewar kwamitin kan yaƙar Iraƙi ba, sai suka janye ƙudurinsu suka tafi yaƙin abinsu. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar a lokacin, ya shaida wa BBC a 2004 cewa yaƙin ya saɓa wa kundinta. Ba shugaban da ya gurfana gaban kowa.

Masana hulɗar ƙasa da ƙasa sun daɗe suna jayayya kan dalilin haka, kuma sun kasu manyan mazhabobi biyu. Ta farko ita ake kira riyalizim a jami'o'i. Mabiyanta, waɗanda littafin nan zai kira 'yan zahiri, suna cewa ƙarfi da tsoro ne ke juya duniya. Ta biyu libaralizim, ta 'yan haɗin kai, masu ganin ciniki da dimokuraɗiyya da dokokin ƙasa da ƙasa za su iya sa wa ƙarfi linzami. Jayayyar ba ta tsaya a aji ba. Ɗaliban waɗannan malamai su ke zama jakadu da masu ba shugabanni shawara, kuskurensu kuma a filin daga ake biyan kuɗinsa.

Gari babu alƙali

'Yan zahiri na son buɗe magana da labarin wani ɗan tsibiri a ƙasar Girka mai suna Melos. Shekara 416 kafin haihuwar Annabi Isa, birnin Atina, wanda ya fi kowa jiragen ruwan yaƙi, yana tsakiyar doguwar gaba da Sparta. Mutanen Melos suka ce su 'yan ba-ruwanmu ne. Atina ta turo musu jakadu, runduna na biye: ko su miƙa wuya su riƙa biyan haraji, ko a murƙushe su. Suka kawo hujjar adalci, suka sa rai Sparta za ta kawo ɗauki. Sparta ba ta zo ba. Aka kashe mazajensu, aka sayar da mata da yara bayi, aka kawo baƙi aka zaunar a gonakinsu. Wani janar ɗan Atina mai suna Thucydides ne ya adana labarin, har yau kuma ana karanta shi a makarantun horar da hafsoshin soja.

Abin da 'yan zahiri ke son a lura da shi a nan shi ne rashin wurin kai ƙara. Idan ɓarawo ya haura gidan mutum, akwai mai unguwa, akwai caji ofis, akwai kotu. Ko da duk sun yi sanyin jiki, an san da hukuma a saman mai gidan da ɓarawon. To a ɗauka ga garin da babu ko ɗaya daga cikinsu, kowane magidanci shi ne ɗan sandan kansa. Wani ya sayi bindiga don tsaron iyalinsa, ba da nufin cutar kowa ba. Maƙwabcinsa ba ya iya leƙa zuciyarsa, ko ya yarda da shi yau bai san halin ɗan da zai gaje shi ba, sai shi ma ya sayi biyu. Kafin a ankara gari ya cika da bindigogi, kowa ya ƙarar da kuɗinsa, ba kuma wanda barcinsa ya ƙaru. Haka 'yan zahiri ke kallon zaman ƙasashe.

Hans Morgenthau, Bayahuden Jamus da ya tsere wa 'yan Nazi ya zauna Amurka, ya ɗora laifin a littafinsa na 1948 kan son iko da ke cikin ɗabi'ar ɗan Adam. Kenneth Waltz a 1979 ya ce ba sai an taɓo halin mutum ba: ko waliyyai aka naɗa shugabanni, rashin hukuma a samansu zai tilasta musu tara ƙarfi. John Mearsheimer na Jami'ar Chicago ya ƙara gaba a 2001, ya ce babbar ƙasa ba ta ƙoshi sai ta zama mai faɗa-a-ji ita kaɗai a yankinta, sannan ta koma hana wata yin haka a nata yankin.

Rikicin Kyuba ya nuna abin a fili. A Oktoban 1962 jiragen leƙen asirin Amurka suka gano Tarayyar Sobiyet na girka makamai masu linzami a tsibirin, kimanin kilomita 150 daga gaɓar Florida. Kyuba ƙasa ce mai 'yanci, da yardarta aka kawo makaman, Amurka ma tana da nata irin su a Turkiyya, dab da iyakar Sobiyet. Duk da haka John Kennedy ya killace tsibirin da jiragen ruwa, duniya ta yi kwana 13 a bakin yaƙin ƙare-dangi. Da aka zo sulhu, shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev ya kwashe makamansa, Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, ta kuma yarda a asirce za ta cire na Turkiyya. Fidel Castro, wanda a ƙasarsa ake ta wannan ciniki, ba a tuntuɓe shi ba.

Mutane kan ɗauka masu irin wannan ra'ayi mayun yaƙi ne, alhali tarihi ya nuna akasin haka. Morgenthau ya yi adawa da yaƙin Biyetnam. A Satumban 2002 malamai 33, cikinsu har da Waltz da Mearsheimer, suka sayi fili a jaridar New York Times suka gargaɗi gwamnatin George Bush cewa yaƙar Iraƙi ba zai amfani Amurka ba. Hujjarsu ta lissafi ce: Saddam Hussein bai kai barazanar da za a zubar da jini da dukiya a kansa ba, kuma ba a dasa wa wata al'umma tsarin mulki da bakin bindiga.

Ciniki, ƙuri'a, yarjejeniya

'Yan haɗin kai ba su musa cewa babu alƙali a sama ba. Abin da suka musa shi ne a ce dole zaman ya dawwama a haka. Kakansu shi ne masanin falsafar Jamus Immanuel Kant, wanda a 1795 ya yi hasashen cewa yaƙi zai ragu idan talakawan da ke biyan kuɗinsa da jininsu suka samu bakin magana a mulki, idan ciniki ya ɗaure ƙasashe da juna, idan kuma suka shiga ƙawancen da ke da ƙa'idoji.

Gwajin farko ya yi muni. A 1910 wani marubucin Birtaniya, Norman Angell, ya fitar da littafin da ya yi kasuwa ƙwarai, yana nuna cewa tattalin arzikin Turai ya sarƙe har ta kai mai nasara a yaƙi ma asara zai yi. Birtaniya da Jamus a lokacin suna cikin manyan abokan cinikin juna. Shekara huɗu bayan haka suka gwabza, sojoji sama da miliyan 8 suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Lissafin Angell daidai ne, yaƙin ya talauta Turai. Sai dai sanin za a yi asara bai hana masu mulki shiga ba.

Gwaji na biyu ya fi taɓa Afirka. Bayan yaƙin, shugaban Amurka Woodrow Wilson ya jagoranci kafa Ƙawancen Ƙasashen Duniya a Geneva, bisa alkawarin cewa wanda ya taɓa mamba ɗaya ya taɓa kowa. Majalisar dattawan ƙasarsa ta ƙi shiga. Habasha ta shiga a 1923. Da Italiya ta mamaye ta a Oktoban 1935, har tana yi wa mutane feshin iskar guba, ƙawancen ya sa takunkumi amma ya tsame man fetur daga ciki, mashigin Suez kuma ya ci gaba da zama a buɗe ga jiragen da ke kai wa sojan Mussolini kaya. Birtaniya da Faransa na tsoron kada su tura shi hannun Hitler, har suka tsara a asirce yadda za a yanka masa babban yankin Habasha. Sarki Haile Selassie ya tsaya gaban wakilai a Yunin 1936 ya kai kukansa. A watan da ya biyo baya aka ɗage takunkumin.

Waɗanda suka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 sun ga wannan da idonsu, shi ya sa suka gina kujerar na-ƙi a cikin harsashinta. Sun san Amurka da Sobiyet ba za su shiga ƙungiyar da za ta iya yanke musu hukunci ba, kuma ƙungiyar da manya ba sa ciki ba ta da amfani. Tun ranar haihuwarta ke nan aka cire mata haƙorin cizon ƙasashe biyar.

Amma 'yan haɗin kai na da nasarar da ba mai iya ƙaryatawa. Faransa da Jamus sun yi yaƙi uku cikin shekara 70, a 1870 da 1914 da 1939. A ranar 9 ga Mayun 1950 ministan harkokin wajen Faransa, Robert Schuman, ya kawo shawarar a haɗa kwal da ƙarfen ƙasashen biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya, tunda da su ake ƙera tanka da igwa. Ƙasashe shida suka sa hannu a 1951, daga nan Tarayyar Turai ta tsiro. Yau saurayin Faransa na tsallaka iyakar Jamus ba sai da fasfo ba. 'Yan zahiri kan ce tsoron Sobiyet da kasancewar sojan Amurka a Turai su suka kwantar da tsohuwar gabar, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai Sobiyet ta rushe tun 1991, zumuncin bai rushe da ita ba.

Akwai kuma aikin da dokokin ƙasa da ƙasa ke yi kullum shiru, ba ya shiga kanun labarai. Jirgin alhazai da ya tashi daga Kano zuwa Jidda yana ratsa sararin samaniyar ƙasashe bisa ƙa'idojin da aka amince da su a Chicago a 1944. Cutar agana, wadda aka shelanta kawar da ita a 1980, Amurka da Sobiyet ne suka haɗa hannu a kanta ana tsakiyar yaƙin cacar baka.

Bakassi da iyakar doka

Shari'ar Bakassi ita ce hujjar da ta fi kusa da gida. Kamaru ta kai Najeriya Kotun Duniya a 1994 bayan artabu tsakanin sojojinsu a wannan yanki mai arzikin kifi da mai. Ranar 10 ga Oktoban 2002 kotun ta ba Kamaru gaskiya, ta dogara da yarjejeniyar da Birtaniya da Jamus suka ƙulla a 1913. Najeriya ta fi Kamaru yawan jama'a da soja nesa ba kusa ba, sojanta na zaune a wurin, yawancin mazauna yankin kuma 'yan Najeriya suke ɗaukar kansu. Da lissafin ƙarfi kaɗai za a bi, ba abin da zai fitar da ita. Amma Olusegun Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Yunin 2006 gaban Kofi Annan, aka kammala miƙa yankin a Kalaba ranar 14 ga Agustan 2008, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Masunta da dama sun rasa matsugunansu, har yau wasu na jin zafin abin, kuma kukansu na da tushe. Duk da haka maƙwabta biyu sun kauce wa yaƙi, suka zo daga baya suna yaƙar Boko Haram kafaɗa da kafaɗa. Nijar da Benin ma a kotun suka warware rigimar tsibirin Lete a 2005.

Sai a ajiye wannan gefe a dubi Nikaraguwa. A 1986 wannan kotu dai ta sami Amurka da laifin dasa nakiyoyi a tashoshin jiragen ruwan ƙasar da ɗaure wa 'yan tawaye gindi. Amurka ta riga ta fice daga shari'ar tun kafin hukunci. Kundin Majalisar ya ce idan ƙasa ta ƙi bin hukuncin kotun a kai ƙara Kwamitin Sulhu. Nikaraguwa ta kai, Amurka ta hau kujerar na-ƙi. Shekara 30 bayan haka, a Yulin 2016, wata kotun sasanci a Hague ta ba Filifin gaskiya kan Sin a rigimar Tekun Kudancin Sin. Gwamnatin Beijing ba ta halarci zaman ba, ta yi watsi da hukuncin, ta ci gaba da riƙe tsibiran da ta gina ta girka musu makamai.

Idan aka jera shari'o'in nan za a ga inda dokar ke aiki da inda take tsayawa. Tana kama ƙananan ƙasashe da matsakaita, tana kama manya ma a kan lamuran da ba su ɗauka na rai da mutuwa ba. Da zarar babbar ƙasa ta ga abin ya taɓa ƙofar gidanta, sai takarda ta koma takarda.

Takardar Budapest

Ba ƙasar da mazhabobin biyu suka yi kokawa a kanta kamar Yukren. Da Sobiyet ta wargaje, Yukren ta wayi gari da rumbun makaman nukiliya na uku mafi girma a duniya a cikin ƙasarta, ko da yake mabuɗan harba su na hannun Mosko. Amurka da Rasha suka haɗu a kan dole ta rabu da su. A 1993 Mearsheimer ya rubuta cewa kuskure ne, domin ba abin da zai kare Yukren daga Rasha in ba su ba. Kaɗan ne suka saurare shi. Ranar 5 ga Disamban 1994, a birnin Budapest, Bill Clinton na Amurka da Boris Yeltsin na Rasha da John Major na Birtaniya da Leonid Kuchma na Yukren suka sa hannu a takardar da ta yi alkawarin mutunta iyakokin Yukren. Takardar ba ta wajabta wa kowa tura soja ba idan aka karya alkawarin. A 1996 aka kwashe makami na ƙarshe zuwa Rasha.

Daga nan ƙungiyar tsaro ta NATO ta fara faɗaɗa zuwa gabas: Poland da Hungary da Czech a 1999, sai wasu bakwai a 2004, har da ƙasashen Baltic uku da suka taɓa zama cikin Sobiyet. George Kennan, dattijon da ya tsara manufar killace Sobiyet, ya yi gargaɗi tun 1997 cewa abin zai tayar da ƙayar baya a Rasha. A taron Bucharest na Afrilun 2008 Bush ya matsa a buɗe wa Yukren da Jojiya ƙofa, Jamus da Faransa suka ƙi, sai aka fito da matsayar da ta fi kowacce haɗari: aka shelanta cewa za su zama mambobi, ba a sa rana ba, ba a kuma ba su kariya ba. Wata huɗu bayan haka Rasha ta yaƙi Jojiya. A Maris ɗin 2014 ta ƙwace Kirimiya.

Jamus kuwa ta bi hanyar 'yan haɗin kai har ƙarshe. Tun farkon shekarun 1970 take sayen iskar gas daga Mosko bisa imanin cewa mai sayar maka da kaya ba zai so ya ɓata da kai ba. Ko ƙwace Kirimiya bai hana ta amincewa da shimfiɗa bututu na biyu na Nord Stream ba, zuwa 2021 kuma fiye da rabin gas ɗin da take shigowa da shi daga Rasha yake. Vladimir Putin ya karanta cinikin a juye. Ya ga ƙasar da masana'antunta suka dogara da gas ɗinsa ba za ta iya ɗaga masa murya ba.

A kan wannan 'yan zahiri sun yi hasashe ya tabbata, ya kamata a ba su haƙƙinsu. Amma akwai wurin da maganarsu ke zamewa daga bayanin yadda duniya take zuwa halatta zalunci, kuma a nan ya kamata mai karatu ya tsaya da ƙafarsa. Ba wanda ya ja Poland ko Estoniya da igiya zuwa NATO. Su suka riƙa ƙwanƙwasa ƙofa, saboda sun san abin da suka gani a hannun Mosko. Ƙasashen Baltic haɗiye su aka yi a 1940. Tsoronsu tsoro ne kamar na Rasha. 'Yan Yukren sama da kashi 90 cikin 100 ne suka zaɓi 'yanci a ƙuri'ar Disamban 1991. Putin da kansa, a doguwar maƙalar da ya fitar a Yulin 2021, ya dage cewa Rashawa da 'yan Yukren al'umma ɗaya ce, wannan kuwa magana ce ta mai ganin ƙasar ba ta cancanci zaman kanta ba, ko da NATO ko babu. Mazhabar da ke kallon ƙasashe a matsayin ma'aunin ƙarfi kawai ba ta da wurin ajiye abin da ke cikin kan shugaba, balle abin da talakawan ƙaramar ƙasa ke so. Ko a ma'aunin nata ma mamayar ba ta yi wa Rasha riba ba: Finland, mai iyakar kilomita 1,340 da Rasha, ta bar tsaka-tsakin da ta riƙe shekaru da dama ta shiga NATO a 2023, Sweden ta biyo baya a 2024.

Laifin 'yan haɗin kai na Yamma kuma shi ne wa'azin dokar da su ke fara takawa. Mu'ammar Gaddafi ya miƙa shirinsa na makaman ƙare-dangi a Disamban 2003. A Maris ɗin 2011 Kwamitin Sulhu ya ba da izinin kare fararen hula a Libiya, Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon suka jefa ƙuri'ar amincewa, Rasha da Sin suka ƙaurace. Jiragen NATO suka ci gaba da ruwan bama-bamai har gwamnati ta faɗi, aka kashe Gaddafi a Sirte a Oktoba. Rumbunan makamansa suka watse cikin Sahara, a 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye, wutar da har yau take cin Nijar da Burkina Faso. Koriya ta Arewa ta fito fili ta ce ta ɗauki darasi. Rasha kuma ta riƙa kafa hujja da Libiya duk sanda ta hau kujerar na-ƙi kan Siriya.

Amurka da Sin

Caca mafi girma da 'yan haɗin kai suka yi ita ce shigar da Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamban 2001. Clinton ya shawo kan majalisar ƙasarsa da cewa idan Sin ta yi arziki ta buɗe kasuwa, siyasarta ma za ta buɗe. Arzikin ya zo. Ɗaruruwan miliyoyin mutane sun fita daga talauci, a 2010 Sin ta wuce Japan ta zama ta biyu a tattalin arzikin duniya. Jam'iyyar Kwaminis ba ta saki mulki ba. Da kuɗin ta gina rundunar ruwan da ta fi kowacce yawan jirage, a 2017 kuma ta buɗe sansanin sojanta na farko a ƙetare a Jibuti, 'yan kilomitoci daga na Amurka.

Martanin Washington ya bi littafin Mearsheimer kusan shafi da shafi. Donald Trump ya ƙaƙaba wa kayan Sin haraji a 2018, Joe Biden ya bar shi, ya ƙara da hana sayar mata ƙananan na'urorin kwamfuta mafi inganci a Oktoban 2022. Sin ta mayar da martani da taƙaita fitar da wasu ma'adinai da masana'antun Yamma ke buƙata. A tsakiya ga Taiwan, tsibirin da Beijing ke cewa nata ne, inda kamfanin TSMC ke ƙera mafi yawan waɗannan na'urori na zamani.

Graham Allison na Jami'ar Harvard ya duba lokuta 16 cikin shekara 500 da sabuwar ƙasa mai tasowa ta ƙalubalanci wadda ke kan gaba, ya ce 12 sun ƙare da yaƙi. Masana tarihi sun soki yadda ya zaɓo misalan, amma adadin ya shiga kunnen masu mulki a ƙasashen biyu. Abin da ya bambanta gasar Amurka da Sin da gabar Atina da Sparta abu biyu ne. Kowanne na da makaman da za su shafe ɗayan, sannan a 2022, ana tsakiyar wannan tsamin dangantaka, sun yi cinikin kayan da ya kai kusan dala biliyan 690. Sobiyet da Amurka ba su taɓa dogara da juna haka ba.

Ko su biyun, ana yawan yabon cewa sun shekara sama da 40 ba su harbi juna ba. Mutanen Kwango da suka rasa Patrice Lumumba a 1961, da na Angola da Biyetnam da Afganistan, sun san a gidan wa aka yi yaƙin da manyan suka ƙi yi a nasu gidajen.

Mafi yawan ƙasashen duniya a wannan sahu suke, ba su da kujerar na-ƙi, ba su da makamin nukiliya. Da Babban Zauren Majalisar ya yi ƙuri'a kan Yukren ranar 2 ga Maris ɗin 2022, ƙasashe 141 suka la'anci Rasha, 5 suka ƙi, 35 suka ƙaurace, kusan rabin masu ƙauracewar kuma daga Afirka suke. Shekarar da ta biyo baya sojoji suka karɓe mulki a Yamai. Kafin 2024 ta ƙare sojan Faransa sun fice, Amurka ta bar sansaninta na jirage marasa matuƙa a Agadas, masu horar da soja daga Rasha sun sauka, ɗanyen man Agadem kuma yana gangarawa tekun Benin ta bututun da kamfanin Sin ya shimfiɗa. Babi na gaba zai bi sawun wannan zaɓi, tun daga taron Bandung na 1955 da ya share fagen ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu, don ganin dabarun da ƙananan ƙasashe suka gwada a tsakanin manya, da abin da kowace dabara ta jawo musu.